MALAMIN GONA DA AMFANINSA GA MANOMA DA MAKIYAYAN AJINGI

Gabatarwa

Yawancinmu da ke cikin wannan makaranta, malamai da ɗalibai, 'ya'yan manoma ne. Kuɗin makarantar da ake biya wa ɗalibi, da sabulun da yake zuwa da shi, da kuɗin motar da ke kawo shi, in aka bi diddigi za a tarar daga buhun wake suka fito, ko daga akuyar da aka kai kasuwa. Saboda haka duk abin da ya taɓa gona ya taɓa karatunmu. Shekarar da ƙwari suka cinye wake a rumbu, akwai yaron da ba zai dawo zango na biyu ba.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace a bana mu yi bayani a kan wani ma'aikaci wanda kowa ya san sunansa, amma kaɗan ne suka san ainihin aikinsa, wato malamin gona. Za mu duba ko wane ne shi, da inda aikinsa ya samo asali, da yadda yake koyarwa, da abin da ya kawo wa ƙasar Gaya da Ajingi, da matsalolin da ke damun aikin, sa'an nan da abin da mu kanmu za mu iya yi.

Wane Ne Malamin Gona?

Mutane da yawa sun ɗauka malamin gona shi ne mai rabon takin gwamnati. Wannan kuskure ne. Malamin gona malami ne kamar na aji, sai dai ajinsa gona ce, allonsa kunya ce, ɗalibansa kuwa magidanta ne da matan aure, waɗanda wasunsu sun haife shi. Ba ya kiran suna, ba ya ba da jarrabawa, ba shi da bulala. Wanda ya ga dama ya zo, wanda bai gamsu ba ya koma gida. Girbi shi ne sakamakon jarrabawarsa.

Aikinsa kashi biyu ne. Na farko, ya ɗauko abin da masu bincike suka gano a Samaru ko Kano ko Vom, ya mayar da shi cikin harshen da manomi zai gane, ya nuna shi a aikace. Na biyu, ya ɗauki kukan manomi ya kai wa masu bincike. In wata sabuwar tsutsa ta ɓulla a Ajingi, ko wani iri ya ƙi ƙasarmu, ta bakinsa labari zai isa inda za a nemi magani. Malamin da ke kawo saƙo kawai, ba ya mayar da amsa, rabin aiki yake yi.

Ya kamata mu tuna cewa manomi ba jahili ba ne. Tsohon da ya shekara arba'in yana noma gona ɗaya ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san jigawar da ba ta son dawa, ya san dalilin da ya sa gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamin kirki yakan fara da tambaya da saurare kafin ya buɗe jakarsa.

Taƙaitaccen Tarihi

A ƙasar Hausa, aikin ya faro ne daga Samaru ta Zariya, inda aka buɗe tashar binciken aikin gona a 1922. A wancan lokaci hankalin Turawan mulki ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, domin su ake fitarwa waje, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano. A ƙarshen shekarun 1920 aka fara koya wa manoma huɗa da garmar shanu. Yau idan muka ga bijimai biyu suna jan garma, mukan ɗauka gadon kakanni ne, alhali malaman gona ne suka sha rana kafin mutane su yarda da ita.

A 1962 tashar Samaru ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A 1963 aka kafa wani sashe na musamman don kai sakamakon bincike ga manoma, wanda ya girma har ya zama cibiyar NAERLS mai kula da ƙasa baki ɗaya a 1987.

Shekarun 1970 sun zo da wuya. An yi fari mai tsanani a 1973, sa'an nan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta yi mummunar ɓarna a gonakin Arewa. A cikin waɗannan shekaru ne dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Gwamnati ta farga cewa kuɗin man fetur ba ya cika rumbu. A 1975 aka fara ayyukan raya noma a Funtua da Gusau da Gombe tare da taimakon Bankin Duniya. Da aka ga amfaninsu sai aka faɗaɗa su zuwa jihohi. A farkon shekarun 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar raya noma da karkara, wato KNARDA, da kuma kamfanin KASCO mai sayar da kayan noma. Bayan an cire Jigawa daga Kano a 1991, aikin KNARDA ya kasu shiyya uku: Rano, Dambatta da Gaya. Ajingi tana cikin shiyyar Gaya.

Yadda Ake Gudanar da Aikin

Tsarin da aka bi a shekarun 1980 da 1990 shi ne na horo da ziyara. Ga yadda yake. Kowane wata masu bincike sukan zauna da ƙwararrun hukuma, su tattauna aikin da ke tafe a gona. Kowane mako biyu ƙwararrun sukan tara malaman gona su koya musu darasin wannan lokaci: in lokacin shuka ne a yi maganar iri da tazara, in lokacin fure ne a yi maganar feshi. Malamin kuma yana da rukunin ƙauyuka da ya raba wa ranaku, kowane rukuni ya san ranar zuwansa. A kowane rukuni akwai wasu manoma da aka zaɓa, waɗanda yake aiki a gonakinsu, su kuma su nuna wa maƙwabta.

Babban makamin malamin gona shi ne gonar gwaji. Ba a ce wa manomi ya sauya dukan gonarsa, domin abincin iyalinsa na shekara ke nan, ba wanda zai yi caca da shi. Sai a yanki ɗan fili, kamar taku goma tsawo da taku goma faɗi, a bakin hanya inda masu wucewa za su gani. A nan za a yi sabuwar dabara, sauran gonar kuma ya noma yadda ya saba. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya. Da kaka a kira jama'a, a girbe a gabansu, a auna da tiya. Gani ya kori ji.

Ƙungiyar Sasakawa, wadda attajirin Japan Ryoichi Sasakawa ya kafa tare da masanin iri Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ta fara aiki a Nijeriya a 1992, kuma Kano tana cikin jihohin farko. Ita ta yi amfani da fili mai ɗan girma, kwatan hekta, domin manomi ya ƙirga amfanin da buhu, ya kuma lissafa ribarsa da kansa.

Akwai kuma rediyo, wadda ke shiga inda babur ba ya zuwa, da kuma wayar hannu a wannan zamani. A ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe sashen mata a hukumomin noma, domin an lura malami namiji ba ya shiga cikin gida, alhali a cikin gida ake kiwon awaki da kaji, a nan ake matsar man gyaɗa, a nan ake adana iri.

Abubuwa Biyar da Suka Shafi Gonakinmu

Ƙasarmu yawancinta jigawa ce mai yashi. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne abin dogaro, sai noman rani a fadamu. Bari mu ɗauki misalai biyar na irin ilimin da malamin gona ke ɗauke da shi.

Na ɗaya, iri. Irin da ke nuna da wuri shi ne garkuwar wanda ruwa ke ɗauke masa da wuri. Gero mai suna Sosat, wanda asalinsa daga Mali ne, ya bazu a Arewa ta hannun cibiyar bincike ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri da kuma malaman gona. Samaru ta fitar da ire-iren gyaɗa masu jure kuturta, irin su Samnut 24. A 2019 aka amince da waken Sampea 20-T, wanda ke kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanso. Amma ko wane iri aka samu, akwai gwajin da ɗan aji ɗaya zai iya yi. A ƙirga ƙwaya ɗari, a jera a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, a naɗe, a riƙa yayyafa ruwa har mako guda. Adadin da ya tsiro shi zai gaya mana ko irin yana da rai. Wanda ya yi wannan a watan Mayu ba zai yi shuka biyu a watan Yuli ba.

Na biyu, taki. Takin zamani ba iri ɗaya ba ne. Kamfa tana ɗauke da sinadarai uku, ita ake fara sawa. Yuriya ta ganye ce, ana ƙara ta bayan shuka ta tasa. Gyaɗa da wake kuwa sufa suka fi bukata, domin saiwarsu tana iya samo wa kanta abin da yuriya ke bayarwa. Wanda ya watsa yuriya a saman ƙasa cikin rana ya bar ta, wani kashi nata zai bi iska. Sai a tona ɗan rami nesa kaɗan da gindin shuka, a zuba, a rufe. Masu bincike a Nijar sun nuna cewa ɗan taki kaɗan, cikin murfin kwalbar lemo a kowane gurbi, yana ƙara amfanin gero sosai ga wanda ba shi da ƙarfin sayen buhu. Duk da haka takin zamani ba ya maye gurbin takin gargajiya. Kashin dabbobi da sharar gida su ke riƙe ruwa a yashi, su ne ƙarfin ƙasa na shekaru.

Na uku, ƙuduji, wadda wasu ke kira wuta-wuta. Wannan ciyawa mai jan fure tana manne wa saiwar dawa da gero tana tsotsar abincinsu tun kafin ta fito sama. Shi ya sa kafin a gan ta ɓarna ta riga ta yi nisa. Tushe ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Wanda ya cire ta bayan ta yi 'ya'ya ya jefar a kan iyaka, shuka ta ya yi. Sai a tuge ta kafin ta yi 'ya'ya, a tara a ƙone. A riƙa juya shuka, bana dawa, baɗi gyaɗa ko waken suya, domin saiwarsu tana sa ƙwayar ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. A kuma ƙara taki, gama ƙuduji ta fi ƙarfi a gajiyayyar ƙasa. Wannan yaƙi ba na mutum ɗaya ba ne, domin iska da ruwa da kofaton dabba ba su san iyakar gona ba.

Na huɗu, tsarin shuka. Iyayenmu sun saba haɗa gero da wake a gona ɗaya, kuma akwai hikima a ciki: in ɗaya ya ƙi, ɗaya zai yi. Matsalar ita ce inuwar dawa tana danne wake. Masu bincike na tashar IITA da aka buɗe a Kano a 1990 ba su ce a daina haɗawa ba. Sun gyara ta ne: kunya biyu ta dawa ko gero, kunya huɗu ta wake, haka har ƙarshen gona. Wake ya sami rana, feshi ya zo da sauƙi, taki ya tafi inda ake bukatarsa, ga harawa mai yawa don dabbobi. Wannan misali ne mai kyau na yadda ilimin boko ke ɗorawa a kan na gargajiya.

Na biyar, ajiya. A nan ne hasara ta fi ciwo, domin an riga an gama wahala. Ƙwaron wake yana yin ƙwai tun daga gona, ya ci gaba da hayayyafa a cikin buhu, cikin 'yan watanni wake ya zama gari da ramuka. Tsoron haka ke sa manomi ya sayar da kaka lokacin da farashi ya faɗi, ya dawo da bazara ya sayi nasa waken da tsada. Wasu kuma sukan zuba maganin feshi ko ƙwayar guba a cikin abin da za a ci, kuma an sha samun iyalan da suka kwanta asibiti, wasu ma suka rasa rai, ta wannan hanya. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai riɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka, har da na Maraɗi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhu ɗaya a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a duba ledojin kada a sami huji, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, sa'an nan a ɗaure na waje. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba digon magani. A ajiye a kan katako, nesa da bango da ɓera, kada a buɗe sai ranar bukata. Da aka kawo shi, a gaban jama'a ake ɗaure buhu a ƙauye, bayan watanni a sake taruwa a buɗe kowa ya gani.

Makiyaya da Masu Kiwo

Idan an ce kiwo, kada hankalinmu ya tafi ga Fulanin daji kaɗai. Uwar da ke da awaki uku a bayan ɗaki mai kiwo ce, haka magidancin da ya turke sa don kasuwar Wudil ta ranar Juma'a. Dabba ita ce bankin talaka. Ita ake sayarwa ranar ciwo da ranar biyan kuɗin jarrabawa.

Tarihi ya nuna abin da rigakafi ke iya yi. Cutar bushiya ta sha share garke sukutum, kuma dattawa suna tuna ɓarnar da ta yi a 1983. Da allurar rigakafi aka yaƙe ta ƙasa bayan ƙasa, har aka bayyana a 2011 cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda take wurin tun 1924, tana yin alluran rigakafin dabbobi da ake amfani da su a ƙasar nan. Amma sauran cututtuka suna nan: ciwon huhu na shanu, da annobar majina da zawo da ke kashe awaki da tumaki, da annobar da ke share kaji lokacin hunturu. Dukansu suna da rigakafi. Kuskuren da ake yi shi ne jira sai dabba ta kwanta sa'an nan a nemi allura. Rigakafi na mai lafiya ne.

Malamin dabbobi yana koyar da abinci kuma. Harawar gyaɗa da ta wake, in an ɗaure ta da sauran korenta aka ɗora a kan rumfa ko bishiya, ta fi wadda rana ta ƙone amfani nesa ba kusa ba. Dusa da ƙuli da kanwa suna taimakon sa na turke. Maganin tsutsar ciki a farkon damina da ƙarshenta yana hana rama. Shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano, wanda aka ƙaddamar a 2020 da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ya yi aikin allurar dabbobi kyauta a ƙananan hukumomin jihar.

Akwai wata magana mai nauyi. A da, manomi yakan roƙi makiyayi ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, har a ba makiyayin dami. Yanzu mutane sun yi yawa, gonaki sun cinye burtali da mashaya, kara ya zama abin sayarwa. Daga nan ake samun ɓarna, da sara, wani lokaci da asarar rai. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma doka a takarda ba ta tsare burtali. Malamin gona da ya san aikinsa yana zama da mai gari da arɗo kafin kaka, a sa ranar sakin dabbobi, a sake shata burtali kafin shuka. Manomi yana bukatar taki da bijimin huɗa da nono, makiyayi yana bukatar hatsi da kara. Kowa ya cuci ɗaya, kansa ya cuta.

Darasi daga Maraɗi

Ba kullum ilimi ke zuwa cikin motar gwamnati ba. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo daga Ostireliya, yana aikin dashen itatuwa a ƙasar Maraɗi, yawancin dashen kuwa yana mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya shawarci manoma su bar reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, su sare sauran, su riƙa gyarawa. Da farko an yi masa dariya. Amma waɗanda suka gwada suka sami itacen girki, da abincin dabbobi, da kariya daga iskar da ke binne shuka. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, har aka ƙiyasta dabarar ta kai hekta miliyan 5 a Nijar. Ba a saye ta da ko kwabo. Gawo da kalgo da sabara suna nan a gonakin Ajingi. Wuƙa ce kawai da haƙuri.

Matsalolin Aikin

Gaskiya ita ce aikin malaman gona ya yi rauni. Tsarin horo da ziyara yana cin kuɗi: babura, mai, alawus, kayan gwaji. Da tallafin Bankin Duniya ya ƙare a shekarun 1990, jihohi da yawa suka kasa ɗaukar nauyin. Tsofaffin malamai suka yi ritaya ba a cike gurbinsu yadda ya kamata ba. An so a ce malami ɗaya yana kula da iyali kamar dubu, amma a wurare da dama ya zama ɗaya ga dubbai. Malamai mata sun fi ƙaranci. Ayyuka na musamman, kamar shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990, sukan farfaɗo da aikin na ɗan lokaci, in wa'adinsu ya cika a koma gidan jiya.

Inda malami ya yi ƙaranci, mai sayar da magani a kasuwa shi ke zama malami. Akwai masu gaskiya a cikinsu, amma mai kaya burinsa ya sayar. Shi ya sa muke ganin yara suna feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, ana gauraya magani da hannu, ana zuba man gyaɗa ko ruwan sha a tsohon galan na guba, ana tsinke tumatir washegarin feshi. Ga kuma sababbin abokan gaba: a 2016 tsutsar tumatir ta lalata gonakin rani a Kano, a shekarar kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Nijeriya. Irin waɗannan ba a gaje su ba, kakanni ba su bar maganinsu ba. Dole sai da mai bincike, da kuma wanda zai kawo saƙonsa.

Wata matsalar daga wajenmu take. Idan aka kira taro aka ji ba rabon taki, sai wuri ya watse. Mun fi son abin da za a ɗauka a ka fiye da abin da za a ɗauka a ƙwaƙwalwa, alhali buhu yana ƙarewa a damina ɗaya, sani kuwa har jikoki.

Abin da Za Mu Iya Yi

Ga iyayenmu manoma: ku haɗu ku zama ƙungiya. Malami ɗaya ba zai iya bin gona ɗari ba, amma zai iya zuwa wurin mutum ashirin da suka sa rana. Ƙungiya ita ke iya sayen iri da taki a dunƙule daga wurin da aka amince da shi, ita ke iya kiran mai allura ranar da aka tara dabbobin unguwa. Ku je sashen aikin gona na ƙaramar hukuma ko ofishin shiyya a Gaya ku tambayi wane ne malamin yankinku. Matambayi ba ya ɓata. Zumuntar mata da ta matasa, da yake suna da ranakun taronsu, suna iya ware sa'a ɗaya su gayyaci malami ya nuna ɗaurin buhu ko allurar kaji, su kuma gayyaci maƙwabta duka.

Ga ɗalibai: kun iya karatu, kuma wannan babban abu ne a gona. Ku karanta wa iyayenku abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani: yawan da za a zuba, ranar da ya daina aiki, da kwanakin da za a jira kafin girbi. Ku buɗe littafi ku rubuta ranar shuka, da abin da aka kashe, da abin da aka girba, domin a san ko an ci riba. Ku saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke bayarwa a farkon kowace shekara ku gaya musu. Ku yi gwajin ƙwaya ɗari a hutun Ista. Amma ku yi da ladabi. Kada wanda ya yi zango biyu a aji ya je yana gyara wa mahaifinsa riƙon fartanya. Ku roƙi kunya biyar a gefen gona, ku yi abin da kuka koya, ku bar amfanin ya yi magana.

Gonar makaranta kuma kada a ɗauke ta wurin horon masu laifi. Ita ce gonar gwajinmu. Waɗanda suke tunanin abin da za su karanta nan gaba su sani akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, akwai tsangayar aikin gona a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da ke kusa da mu, ga Jami'ar Bayero, ga Samaru. Musamman muna kira ga 'yan matanmu, domin akwai dubban gidaje da mace ce kaɗai za ta iya shiga da wannan ilimi.

Kammalawa

Mun ga cewa malamin gona ba mai rabo ba ne, mai koyarwa ne. Mun ga garmar shanu, da gero mai saurin nuna, da buhu mai riɓi uku, da ƙarshen bushiya, duk ta wannan hanya suka iso mana. Mun kuma ga malaman sun yi kaɗan, gonaki suna ƙanƙancewa, bakunan da za a ciyar suna ƙaruwa. Gwamnati tana da nata alhakin na ɗaukar ma'aikata da ba su abin hawa, kuma daidai ne mu riƙa tuna wa wakilanmu. Kafin nan, kowane ɗalibi da zai tafi hutu ya zaɓi abu ɗaya daga cikin biyar ɗin da muka lissafa, ya gwada shi a gida wannan damina, ya rubuta abin da ya gani, ya kawo mana idan an dawo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana dabbobinmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.